Iyalina za su zo Bauchi hutu, ina zan kai su kuma ina za mu ci abinci?

Abban_Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah 'yan Bauchi shawara nake nema. Aiki ne ya kawo ni garin nan bana, kuma daga ofis sai gida sai masallaci, in ka cire hanyar Yelwa zuwa Wunti babu inda zan ce na sani sosai. To yanzu in an yi hutun makaranta na Disamba maiɗakina da yara za su taso daga Zariya, Hajiyarmu ma ta ce da ita za a zo ta ga inda nake zaune. Na nemi 'yan kwanaki a wurin aiki, ina so in fita da su su ga gari, mu riƙa cin abinci a waje ita ma uwargida ta huta, don ko a gida kullum tana kicin, ba na son ta zo hutu kuma ta ƙare a gindin tukunya.

Inda abin ya ɗaure min kai shi ne yaran tun da suka ji an ce Bauchi ba su da zance sai gandun dajin Yankari da giwa, ita kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, doguwar tafiyar ƙasa ba ta iyawa, sannan abincin waje sai ta ga tsaftar wurin da idonta kafin ta ci, maiƙo da yaji mai yawa ma ba ta so. Motar ƙarama ce, aljihun ma matsakaici ne. Yankarin ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya ko sai an kwana? Banda can ina kuma ya kamata mu je? Sai maganar masa da kowa ke ta yi min, a ina ake samun ta kirki wadda zan iya kai tsohuwa ba tare da na ji kunya ba? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Baffa_Kobi:

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa garin Yakubu. Allah Ya yi maka albarka da ka tuna da hutun maiɗakinka, ba kowa ke tunawa ba.

Maganan Yankari, ka kwana. Ana zuwa a dawo a yini ɗaya kam, ɗalibai suna yi, amma da tsohuwa da yara wahala kawai za ku sha ku dawo ba ku ga komai ba. Dalili kuwa, daga Bauchi za ka kama hanyan Gombe har Dindima, nan za ka karya dama ka miƙe zuwa Mainamaji inda babban get yake, to mutane da yawa suna zaton in sun iso get sun iso ke nan, alhali daga get ɗin zuwa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke akwai tafiyan sama da kilomita 40 a cikin daji, kuma ba wurin gudu ba ne saboda dabbobi suna tsallaka titi. Gaba ɗaya daga gari ka lissafa sama da kilomita 100. Kafin ku isa rana ta take, su kuma namun daji da rana tsaka suna inuwa, da sassafe ne da kuma bayan la'asar suke fitowa wajen kogin Gaji shan ruwa. Wanda ya kwana shi ke samun fita biyun nan, wanda ya zo yini kuwa sai dai ya yi wanka ya juya.

Sannan ka faɗa wa yaran gaskiya tun daga gida. Giwaye suna nan, garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, babu wanda ya ɗaure su a wuri ɗaya. A Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba kuma akwai sauran ruwa nan da can a cikin daji, don haka dabbobi a warwatse suke. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne, lokacin da ko'ina ya bushe, ake fi ganin su sun taru a bakin Gaji. Kuna iya dacewa ku gani, kuna iya ganin kashinsu da itatuwan da suka karya kawai. Amma gwambaza da mazo da mugun dawa da birai da tsuntsaye iri iri in sha Allah za ku gani, in da rabo har ɓauna da gwanki da dorina. In ka ce wa yaro tabbas zai ga giwa bai gani ba, duk sauran abin da ya gani ba zai shiga idonsa ba.

Abin da Disamba ta fi sauran watanni da shi shi ne ruwan Wikki. Ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ka shiga da asuba cikin sanyin hunturu ka ji yadda jiki ke sakewa, wallahi ni'ima ce ta Allah. Wajen bakin dutsen akwai zurfi ya fi tsayin mutum, yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba, kuma kada ka ɗauke ido a kansu ko na minti ɗaya. Sai dai fa saukowa wurin matakala ne masu yawa, Hajiya ta bi a hankali ana riƙe da ita tana hutawa, in ta ga ba za ta iya ba kada a matsa mata. Zagayen ganin dabbobi kuwa a mota ake yi tare da ma'aikacin gandun, wannan ba zai dame ta ba. Ku sa kaya masu dogon hannu saboda ƙudan tsando, cizonsa da zafi.

In kun fita zagaye ka roƙi ɗan rakiyan ya bi da ku kogunan Marshall, ɗakuna ne 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna a ciki, akwai kuma rijiyoyin Dukkey. Mutane suna mantawa cewa kafin a killace dajin a 1956 akwai tarihin jama'a a cikinsa, har wuraren narka ƙarfe. A 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, gwamnatin tarayya ta karɓa a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. A sansanin akwai ɗan gidan tarihi, fatu da ƙasusuwa da hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta, yara suna son sa sosai.

Ɗaki kuma ka kama tun yanzu, ƙarshen Disamba cika yake yi.

Maman_Iman:

Abban Khalifa sannu da ƙoƙari, a gaida Hajiya da uwargida. Baffa ya gama da daji, bari ni in yi maganar ciki don nan ne maza suke yawan yin sakaci sai an fita yara sun fara kukan yunwa a rasa yadda za a yi.

Masa dai abincin safe ce a garin nan, duk da ana samu har dare. In kana son ta gaske ka fita bayan an idar da asuba zuwa ƙarfe tara, wajajen Wunti da cikin gari akwai masu yi da yawa, akwai gidajen masa masu kujeru da fanka da wurin wanke hannu, akwai kuma matan da suke yi a ƙofar gida. Ba sai na kira maka sunan kowa ba, alamomin da za ka duba su ne, wurin da ka ga mutane suna jira da kulolinsu kuma ana suya a gabanka tana fitowa daga tanda zuwa faranti. Wadda aka tara a roba aka rufe da leda tun ɗazu ta riga ta yi gumi, daɗinta ya ragu rabi. Masar kirki ta shinkafar tuwo ce da aka jiƙa aka markaɗa ƙullin ya kwana ya tashi, za ka gan ta fara a ciki da ƙananan huji, gefen ya yi ja kaɗan, ga laushi, tsamin ɗan kaɗan ne ba mai kama harshe ba. Da miyar taushe ake ci, ta kabewa da alayyafo da gyaɗa, a sa tantaƙwashi ko ƙashi ko kaza, wasu kuma yajin ƙuli kawai suke so, yara in ka barbaɗa musu suga ko zuma shi ke nan an gama.

Game da Hajiya, ni a ganina ranar farko kada ka kai ta ko'ina, ka ɗauki kula biyu daga gida, ɗaya ta masa ɗaya ta miya, ka je da kanka a zuba maka, ka ce wa mai miyar ta kauda man saman ta ɗebo maka ta ƙasa, yajin kuma a ƙulla daban. Ta ci a gida hankali kwance da shayinta. In ta yaba sai washegari ku je wurin gaba ɗaya. Tsofaffinmu yawanci ba abincin ne ba sa so ba, zama cikin maza a buɗe baki ana ci ana kallonsu shi ne ba su saba ba, saboda haka duk gidan abincin da za ku shiga ka fara shiga kai kaɗai ka duba ko akwai ɓangaren iyali ko wani lungu da za su sake, ka leƙa wurin wanke hannu da bayi, in waɗannan biyun suna da tsafta to kicin ɗin ma da wuya ya ba ka kunya. Da rana ka nema mata tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ko farfesun kifi a ce kada a cika attaruhu. Su fried rice da shawarma da ice cream na yara akwai su a wuraren zamani ta GRA da hanyar Jos, rana ɗaya ka kai su su more, ba sai kullum ba don nan ne kuɗi ke tafiya ba ka sani ba.

Da yamma bayan magariba balangu da tsire, ka tsaya a yanka maka a mayar kan wuta ya yi zafi sosai kafin a naɗe. Fura da nono kuma a dama a gabanka ko ka sayo fura da kindirmo a dama a gida da ruwan da kuka yarda da shi.

Yanzu guzurin Yankari, wannan kada ka yi wasa da shi. Akwai gidan abinci a sansanin, amma lokacin hutu jama'a suna da yawa kuma yaro ba ya jiran a gama dahuwa, sannan in ka shiga ciki babu wani shago a bayan gida da za ka ce bari in leƙa. Kwana ɗaya kafin tafiya ku shiga kasuwar Muda Lawal ku sayi lemu da ayaba da kankana, ku nemi kilishi da dambun nama, biredi, kayan shayi, filas na ruwan zafi, katan ɗin ruwa ya fi ɗaya. Masar da kuka saya da safen tafiya za ta kai ku har dare in da yaji ce, miya ce ba ta jure zafin mota. Maganin Hajiya da man zafinta a jakar hannu. Tsabar kuɗi ma ka riƙe, kada ka dogara da taransfa don sabis yana zuwa yana ɗaukewa.

Abu na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, birai. Gwaggon biran Wikki sun saba da mutane ƙwarai, suna gane leda, suna gane kula, suna shiga ɗaki in an bar ƙofa ko taga a buɗe, mota ma haka. Kada yaro ya fito da biskit ko lemo a hannu, kada kuma a ce za a ba su don a ɗauki hoto, manyan suna da haƙora kuma sun fi raina mata da yara. A ci abinci a cikin ɗaki a kulle, in za a ɗebo kaya daga but kai ka tsaya a wurin.

Dan_Jekadafari:

Yallaɓai tunda har za ka kai Dindima ai ka riga ka kama hanyarmu, ka ƙaraso Gombe mana, da mu da Bauchi ai jiha ɗaya muke har 1996. In kun fito daga Yankari ka karya dama maimakon hagu, ka wuce Alkaleri sai Gombe, tsakanin garuruwan biyu duka duka wajen kilomita 150 ne. Ku kwana, da safe ku tafi Dadin Kowa, bai kai tafiyar awa ɗaya ba a hanyar Biu, dam ne babba a kan kogin Gongola har wutar lantarki ake samarwa, ruwa iya ganinka ga masunta da kwalekwale ga gonakin rani shar, kuma maganar abinci kifin nan da ake ci a Gombe yawanci daga can yake, tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ka saya ɗanye a gasa maka ko ka ɗauki banda ka kai Zariya tsaraba. Hajiya ba sai ta yi tafiyar ƙasa ba, daga mota ma tana kallo.

In kuma kai mai son tarihi ne akwai Bormi kusa da Bajoga inda Turawa suka yi yaƙi da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a watan Yulin 1903, nan ya yi shahada shi da jama'a masu yawa a kan hanyarsu ta hijira zuwa gabas, kabarinsa yana nan, shi ma Baturen da ya jagoranci yaƙin Manjo Marsh a nan aka binne shi. Ni duk lokacin da na tsaya a filin nan jikina sanyi yake yi. Akwai Gombe Abba ta wajen Dukku inda Modibbo Buba Yero ya kafa masarauta, ga duwatsun Tula ta Kaltungo masu sanyi da kyan kallo. Wallahi mutane suna wuce Gombe ne kawai a mota ba su san abin da suke bari ba.

Baffa_Kobi:

Ɗan Jekadafari duk abin da ka faɗa gaskiya ne, Bormi kam wuri ne da ya kamata kowane ɗan Arewa ya taka. Amma ka dubi mutanen da zai ɗauka. Bajoga tana arewa, Tula tana kudu, Dadin Kowa tana gabas, kowanne yini guda ne, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa a bayan ƙaramin mota da jikoki a jikinta, bayan ta riga ta sha hanya daga Zariya. Gombe ta cancanci zuwa na musamman, ya bari sai wani hutun.

Abin da zan ƙara masa a maimakon haka shi ne Sumu, ta wajen Kafin Madaki a ƙaramar hukuman Ganjuwa, hanyan Ningi. Nan ne aka ajiye dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006, raƙumin dawa da jakin dawa da manyan barewa iri iri. Wurin bai kai Yankari girma ba ko kusa, shi ya sa ganin dabbobin ya fi sauƙi, kuma ana zuwa a dawo kafin la'asar. Yaron da ya tsaya kusa da raƙumin dawa ya ɗaga kai ya kalle shi, ko bai ga giwa ba ya samu labarin kai wa makaranta. Abinci dai ku tafi da naku. A Kafin Madakin kuma ka nemi a nuna maka gidan Madaki, ginin ƙasa ne na wajen 1860, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Tunda ku Zazzagawa ne Hajiya za ta ji daɗin ganin bakan gizon soron nan, hannun mutumin garinku ne.

Malama_Hauwa_Tirwun:

Ni abin da ya ba ni mamaki har yanzu babu wanda ya ambaci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, alhali yana cikin gari, ba sai an sha mai ba. Ni malamar firamare ce kuma muna kai ɗalibai, Abban Khalifa dan Allah ko me za ka bari kada ka bar wannan. An buɗe ginin a 1979, kuma yadda aka tsara shi da ma'ana, za ku fara bi ta wani dogon lungu mai duhu ana hawa a hankali, haske yana ɗan shigowa ta sama, masu kula da wurin za su yi muku bayani cewa duhun zamanin mulkin mallaka ne hasken kuma fatan samun 'yanci, sai ku ɓullo fili babu rufi, bango kewaye da launuka daban daban na al'ummomin ƙasar nan, a tsakiya ga kabarin nan ba wani ado. Mutumin da ya riƙe Firayim Minista daga 1957 har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, ga inda yake kwance, kuma in kuka shiga ɗakin da aka ajiye kayansa, rediyo da agogo da 'yar talabijin da hotuna, yara da kansu suke tambaya wai iya kayansa ke nan. Ka riƙe naira biyar a aljihu ka nuna musu hotonsa kafin ku shiga, ka gaya musu malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Su Hajiya kuwa da suka taso suna jin sunansa a bakin iyayensu, na sha ganin tsofaffi suna addu'a suna share hawaye a wurin. Hawan ba mai tsanani ba ne, in an bi da ita sannu za ta iya.

Daga nan ku zarce ƙofar fadar Sarkin Bauchi, babban masallaci yana nan kusa, in ranar Juma'a ce ka yi sallah a can yara su ga dogarai da jajayen kaya. A hanya ka riƙa nuna musu sunayen ƙofofi, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Wambai, duk na ganuwar garin da Malam Yakubu ya kafa ne bayan ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu. Da yamma in akwai sauran ƙarfi dam ɗin Gubi ba nisa, shi ke ba garin ruwan sha, wurin shan iska ne mai kyau amma kada yara su shiga ruwan.

Abban_Khalifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baffa Allah Ya ƙara girma, Maman Iman uwargida ta karanta naki ta ce a yi miki godiya ta musamman, maganar kula biyu ta shige ta. Malama in sha Allah da kabarin za mu fara, na kira Hajiya na faɗa mata ta ce ko don shi kaɗai za ta zo. Ɗan Jekadafari ka yi haƙuri wannan karon, Bormi tana raina, in Allah Ya kai mu hutun Sallah zan neme ka.

Yadda na tsara, ranar da suka iso hutawa, washegari masa da cikin gari, sai Yankari mu kwana, mu dawo a huta yini guda sannan Sumu. Tambaya ɗaya ta rage Baffa, ƙaramar motar tawa za ta kai har Wikki ko sai na nemi babba, kuma ƙarfe nawa ya kamata mu tashi?

Baffa_Kobi:

Za ta kai, hanyan har sansanin kwalta ne, zagayen cikin daji ne ake hawa motan gandun. Ka cika tanki tun a Bauchi, ka duba safaya da jak da ruwan lagireto tun daren. Ku karya da masa ku tashi wajen ƙarfe tara, kun isa kafin azahar kun yi sallah kun ɗan kwanta, ƙarfe uku da rabi kuna shirye don fitan yamma. Ranan dawowa ma ku baro can da rana, kada magariba ta same ku a hanya. Rigunan sanyi na yara da bargon Hajiya kada a manta, daren Wikki a Disamba akwai sanyi.